Kasafta oda unguwa-unguwa: abin da ya faru a wani kicin na Makka a azumin 1445

Asalin lamarin

Kicin ɗin na wata baiwar Allah ne a wajen Shara Mansur, iyayenta daga ƙasar Kano suka zo amma ita a Makka ta tashi, kowa Gwaggo yake ce mata har waɗanda suka girme ta. Abincin gida take yi, tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe, masa, dambu, ƙosai, kunun gyaɗa, kuma yawancin masu saye 'yan Umara ne daga Najeriya da Nijar, irin waɗanda in suka kwana uku suna cin kabsa da burodi sai su fara neman tuwo ido rufe. A sauran watanni littafi ɗaya da biro sun ishe ta, amma da azumi oda tana haura 100 a rana, kashi biyu, na buɗa-baki da na sahur, kuma dole a kai wa kowa har masaukinsa.

Direbobi biyu ne. Ɗaya yana yin Misfala da Kudai da Ajyad, ɗayan yana yin Jarwal da duk abin da ya rage. Magariba a Makka a tsakiyar Maris wajen shida da rabi ne, kuma tun kafin nan hanyoyin kusa da Harami sun cushe wasu ma an rufe su, toh in mota bata bar ƙofar gida da wuri ba shikenan mai azumi zai sha ruwa da dabino kawai yana zagin wanda bai sani ba.

Oda ta WhatsApp take shigowa, mutum uku ne suke kwafe ta zuwa Google Sheets, teburin lissafi na Google a intanet: ɗan ƙanin Gwaggo, wanda yake aiki a shagon gyaran waya yana kuma koyon JavaScript (harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi) da kansa, sai 'yarta da tayi duk karatunta da Larabci, sai wata mai taya aiki 'yar Damagaram da tayi boko da Faransanci. Yaron ne ya ce zai haɗa ɗan shafi da zai ɗebo odar daga Sheets ta Apps Script, kayan aikin Google na haɗa Sheets da kod, ya nuna wa kowane direba nasa a waya. A wajen kwamfuta abin da ke zuwa jeri ne na ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi oda ɗaya:

```
{ unguwa: "Misfala", masauki: 12, abinci: "tuwo da kuka", adadi: 3 }
```

Aikin kawai a ware su, na unguwa ɗaya su taru waje ɗaya. Abin da Gwaggo take yi da hannu kenan shekara da shekaru, ta jera kwanduna a jikin bango kowace unguwa da nata, duk robar da aka rufe a jefa ta inda ta dace.

Farkon Maris 2024, kafin ganin wata

Yaron ya fara da abin da ya fi sani, filter, umarnin da ke tace jeri ya ɗebo abin da ya dace da tambaya kawai, layi ɗaya ga kowace unguwa:

```
const misfala = oda.filter(o => o.unguwa === "Misfala")
const jarwal = oda.filter(o => o.unguwa === "Jarwal")
```

haka har guda huɗu. Ya gwada da oda 20 da ya rubuta da hannunsa, komai ya fito tsaf, ya nuna wa Gwaggo ta sa masa albarka.

1 zuwa 4 ga Ramadan (11 zuwa 14 ga Maris)

Ranar Litinin 11 ga Maris aka tashi da azumi. Rana ta farko lafiya lau tunda shi kaɗai ya shigar da oda. Rana ta biyu da yamma sai ga kira daga wasu mutum tara a Aziziyya, an sha ruwa har an yi isha'i babu abinci, an duba Sheets odarsu tana nan, an duba shafin direbobi babu ita. Dalilin a fili yake, babu layin filter na Aziziyya, kuma filter baya ƙorafi, duk abin da bai dace da tambayar da aka yi masa ba sai ya bar shi a baya yayi shiru abinsa. Ya ƙara layi na biyar. Washegari wasu oda shida na Misfala suka sake ɓacewa, su kuma saboda 'yar Gwaggo ta rubuta المسفلة da Larabci.

Daga nan ya bar filter ya koma reduce, wanda yake bin jerin sau ɗaya yana buɗe sabon kashi da kansa duk sanda ya ga sunan da bai taɓa gani ba:

```
const kashi = oda.reduce((tari, o) => {
  if (!tari[o.unguwa]) tari[o.unguwa] = []
  tari[o.unguwa].push(o)
  return tari
}, {})
```

Ɓacewa ta tsaya, yanzu kowace oda tana fitowa a wani waje. Sai dai shafin da ya kamata ya nuna kashi 5 ranar huɗu ga wata kashi 14 ya nuna. Misfala kaɗai ta rabu gida shida: Misfala, misfala da ƙaramin baƙi, Masfala, Mesfala na 'yar Damagaram, المسفلة, da kuma المسفله wadda aka ƙare da ه maimakon ة yadda mutane ke yi in suna sauri. Akwai ma wata ta bakwai da ido baya iya bambanta ta da ta farko, "Misfala " ce da ɗan fili a ƙarshe, wanda kibod ɗin waya ke sakawa da kansa in ka taɓa kalmar da ya kawo maka. Direba yana ganin Misfala a sama sai ya ɗauka ya gama, bai san akwai wasu can ƙasa ba sai ya ja shafin.

Wadda ta fi ba da wahala kuwa ita ce odar da aka manta ba a cike mata unguwa ba. Apps Script yana kawo gidan da ba a rubuta komai ba a matsayin rubutu mara komai, toh sai aka samu kashi guda mai take amma taken wayam, a waya sai ya zama kamar ci gaban wanda ke samansa ne. Haka aka kai kunu da ƙosan wani dattijo Jarwal alhali yana zaune a Kudai.

5 zuwa 8 ga Ramadan

A nan yaron ya ci karo da Object.groupBy, sabon abu a lokacin, layi ɗaya yana yin aikin reduce ɗin can:

```
const kashi = Object.groupBy(oda, o => o.unguwa)
```

Yana da ɗan tarihi. Da farko an so a saka shi a jikin jerin ne da sunan groupBy, sai aka ga yana karo da wani tsohon laburare (tarin kod da aka riga aka rubuta) mai suna Sugar da wasu shafuka ke amfani da shi, aka mayar da sunan group nan ma wasu shafukan suka lalace, daga ƙarshe aka ɗora shi a kan Object da Map. Chrome ya kawo shi a siga ta 117 a Satumbar 2023, Firefox a 119, Node a 21, shi kuwa Safari sai a 17.4, wadda ta fito a farkon Maris ɗin 2024, wato 'yan kwanaki kafin azumin.

A kwamfutar yaron, Chrome ne, ya yi aiki bayan ya cire wani layi da ke kiran hasOwnProperty, dan abin da Object.groupBy ke dawowa da shi bashi da gadon da sauran ƙunshi suke da shi, babu wannan aikin a jikinsa. Ya tura sabon shafi da la'asar. Direban Jarwal mai Android ya buɗe lafiya. Direban Misfala ya buɗe ya ga fari fat, ba rubutu ba komai. Wayarsa iPhone 8 ce, kuma iPhone 8 a iOS 16 ta tsaya, ba ta karɓar 17 balle 17.4, sannan a lokacin duk burauzar da ka saka a iPhone injin Safari take hawa ko da sunanta Chrome, dan haka shawarar da aka bashi ta ya sauke Chrome bata canza komai ba. Ranar da hoton sikirin aka tura masa jerin ta WhatsApp, guda bakwai, yana tuƙi yana zuƙowa da yatsa.

Direban ya kira Gwaggo ya ce, Hajiya ni dai a maido min da takarda, jawwal ɗin nan mushkila ne, wato wayar nan matsala ce. Ita kuma ta juya wajen yaron ta ce, kai ɗan nan wai ba jiya abin yana yi ba, me ka taɓa? Ya ce Gwaggo gyara nayi. Ta ce toh a warware gyaran.

An koma reduce a daren. Kuma ko a wayar da Object.groupBy ya yi aiki, adadin kashi bai ragu ko da ɗaya ba, Misfala tana nan gida-gida yadda take.

9 zuwa 14 ga Ramadan

Sai ya tsaya a kan sunayen. Ya rubuta ɗan aiki da zai wanke suna kafin a kasafta, trim ya cire filin gefe, toLowerCase ya daidaita manya da ƙananan baƙaƙe, sannan ya yi teburi da hannu wanda ke cewa masfala da mesfala da المسفلة da المسفله duk Misfala ne. Kashi ya sauko daga 14 zuwa 7 ko 8 a yawancin ranaku, amma kullum sai wani ya ƙirƙiro sabon rubutu, yau Misfalah gobe مسفلة babu ال, jibi wani ya rubuta Ibrahim Khalil dan sunan titin da ya ratsa unguwar kenan kuma haka mai odar ya faɗa. Teburin ya kai layi 30 yana ƙaruwa.

A cikin waɗannan kwanakin ne kuma direbobi suka nemi a ƙara kasafta kowace unguwa masauki-masauki. Dama Gwaggo ta ba kowane otal da kowane gida lamba, tun daga 1, gwargwadon yadda suka fara saye a wajenta, lambar bata da alaƙa da inda ginin yake. Direban Misfala ya ba yaron tsarin da yake bi, daga 12 sai 3 sai 27 sai 8, saboda titunan da ba a juyawa a cikinsu. Yaron ya jera odar a kan wannan tsarin kafin ya kasafta, amma shafi ya fito da 3, 8, 12, 27. Ya sake jerawa, haka dai. Abin da ke faruwa shi ne a JavaScript in mabuɗin ƙunshi, wato sunan da ake ajiye kowane kashi a ƙarƙashinsa, lamba ce cikakkiya, to su ake fara fitarwa daga ƙarami zuwa babba, ba ruwan harshen da wanda ka fara sakawa, haka ƙa'idar take ba kuskure bane. Map, wani ma'aji na JavaScript mai kama da ƙunshi, shi ne yake riƙe tsarin da aka saka abu.

Ya koma Map, tsarin hanya ya dawo daidai, sai kuma masauki na 12 ya rabu biyu. A ƙunshi duk mabuɗi rubutu ake mayar da shi, 12 na lamba da "12" na rubutu abu ɗaya ne, shi ya sa tun farko ba a lura ba cewa wasu gidajen Sheets lamba ne wasu rubutu. Map kuwa baya mayar da komai, a wajensa mutum biyu ne daban. Ga kuma na uku, ١٢, wanda 'yar Gwaggo ke rubutawa, shi ko Number, mai mayar da rubutu lamba, baya gane shi, NaN yake bayarwa, wato ba lamba ba ce. Sai da aka ƙara layin da zai juya lambobin Larabci tukuna:

```
const lamba = s => Number(String(s).replace(/[٠-٩]/g, d => "٠١٢٣٤٥٦٧٨٩".indexOf(d)))
```

15 zuwa 17 ga Ramadan (25 zuwa 27 ga Maris)

Har zuwa nan kullum bayan an gama raba abinci share Sheets ake yi a fara sabo. Ranar 15 Gwaggo ta ce a daina sharewa, tana son ta riƙa ganin lissafin kwanakin baya saboda masu biya a ƙarshen sati. Toh dole a ƙara kasaftawa rana-rana, shafi ya nuna na yau kawai. Yaron ya ɗauki lokacin da aka shigar da kowace oda ya yanko baƙaƙe goma na farko, ya samu kwanan wata, "yau" ɗin ma haka ya samo ta da toISOString, umarnin da ke mayar da lokaci rubutu.

Da rana babu wanda ya ga wata matsala. Da dare odar sahur tana shigowa ne bayan tarawihi har zuwa wajen biyu da rabi, a fara zubawa a roba, motoci su fita kafin huɗu dan asuba biyar da 'yan mintuna ce. A daren farko mata suna tsaka da zuba tuwo, wayar tana jingine jikin buhun shinkafa 'yar Gwaggo tana karantowa da ƙarfi ana lissafawa, ta sabunta shafin sai jerin ya dawo oda biyu kacal daga sama da 40. Agogo ya nuna uku da minti huɗu. Aka koma WhatsApp ana bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya, motoci suka fita a makare, gida uku basu samu ba sai da aka kira salla. Dare na biyu ma haka, ƙarfe uku tana yi jerin ya kwashe.

Wannan ƙarfe ukun ne ya tona asirin. Saudiyya tana gaban agogon UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, da awa uku, kuma duk kwanan watan da ya bi ta toISOString ko ta JSON to a UTC yake fitowa. Odar da aka shigar ɗaya da rabi na dare a Makka ranar 26, a rubuce 22:30 ce ta ranar 25. Kafin uku na dare "yau" ɗin shafin ma 25 ce, shi ya sa suke haɗuwa ana ganinsu, cakuɗe da odar buɗa-bakin da aka riga aka kai, uku tana bugawa "yau" ta koma 26 duk su koma jiya.

Gyaran farko da ya yi shi ne ya sa Intl.DateTimeFormat da yankin Asia/Riyadh, wato a fitar da kwanan wata da agogon Saudiyya. Ƙarfe uku ta daina cin oda, amma sai matsalar ta koma sha biyun dare: wanda yayi odar sahur sha ɗaya da rabi yana jiya, wanda yayi sha biyu da rabi yana yau, alhali tukunya ɗaya ce mota ɗaya ce. Akwai kuma masu yin odar sahur tun da rana, da masu yin odar buɗa-bakin gobe tun yau da dare.

18 zuwa 20 ga Ramadan

Saura kwana uku a shiga goman ƙarshe, lokacin da Makka ke cika maƙil oda ta ninka. Ranar 18 da hantsi, lokacin da kicin yake shiru, yaron ya zauna da Gwaggo ya tambaye ta ita ya take gane odar wace rana ce. Ta ce ita bata duba sanda aka turo, tambaya take yi, na yaushe ne, shan ruwan azumi na nawa ko sahur ɗin azumi na nawa.

Abubuwa huɗu aka canza a kwana biyun nan. An daina rubutu kai tsaye a Sheets, an yi fom, unguwa zaɓa ake yi daga jeri ba rubutawa ba, kowane zaɓi an rubuta shi da boko da Larabci gefe da gefe dan kowa ya gane, amma abin da ake ajiyewa a ciki guda ɗaya ne. Masauki ma zaɓa ake, kuma kowane masauki an riga an ɗaure shi da unguwarsa, dan haka daga baya ma aka cire tambayar unguwa gaba ɗaya. An ƙara gida biyu na dole, azumi na nawa da kuma buɗa-baki ko sahur, lokacin shigarwa yana nan a ajiye amma ba a kasafta komai da shi. Sai abin kasaftawar kansa, ya zama ɗan aiki guda ɗaya da ke yi a kowace waya har da iPhone 8 ɗin:

```
function kasafta(jeri, mabudi) {
  const m = new Map()
  for (const abu of jeri) {
    const k = mabudi(abu)
    if (!m.has(k)) m.set(k, [])
    m.get(k).push(abu)
  }
  return m
}
```

Ana kiransa sau uku a jere, da zagaye, da unguwa, da masauki. A saman shafi kuma an sa layi ɗaya mai nuna jimillar odar zagayen da jimillar abin da ke cikin duk kashin, in basu zo ɗaya ba layin ya koma ja. Duk odar da ta zo da wani gida wayam tana hawa can sama ƙarƙashin take mai cewa BA A SAN INDA ZA A KAI BA.

Goman ƙarshe, 31 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu

Oda ta kai wajen 200 a wasu ranakun, musamman daren 27. Layin bai yi ja ba. Kashin "ba a sani ba" ya riƙa kama oda biyu zuwa huɗu a rana, duk na sababbin baƙi da masaukinsu bai shiga jeri ba tukuna, a kira su a ƙara. An samu kuskuren kai abinci sau biyu, duka biyun mai shigarwa ce ta taɓa masaukin da ke ƙasan wanda take nufi. Latti bai ƙare ba, sai dai na cunkoson hanya ne. An yi salla ranar Laraba 10 ga Afrilu.

Abin da yayi aiki da dalilinsa

A ganina canjin da aka yi daga filter zuwa reduce shi kaɗai ne canjin kod da ya ceci abinci kai tsaye, saboda filter amsa yake ba tambayar da ka riga ka sani, reduce da 'yan uwansa kuwa dole kowace oda ta faɗa wani kashi ko da ba daidai ba, kuma kuskuren da ake gani a shafi ya fi wanda sai mai azumi ya kira ake sani. Daga reduce zuwa Object.groupBy babu ribar komai a wannan kicin ɗin, gajarta ce kawai, kuma an biya ta da yinin direba guda. Ba laifin Object.groupBy bane, yau da ya shiga ƙa'idar JavaScript ta ECMAScript 2024 kuma wayoyi sun matsa gaba ni ma shi zan ɗauka, amma sai na tambayi wace waya ce mafi tsufa da za ta buɗe shafin. Map kuwa dalili ɗaya ne ya sa ya zauna, tsarin hanyar direba, in ba dan shi ba ƙunshi ma ya isa.

Sauran wahalar duk a mabuɗi take. Teburin wanke sunaye ya taimaka amma bin baya yake yi, mutum uku masu rubutu da harshe uku kullum za su riga shi, kuma ya ci kusan sati guda da za a iya tsallakewa da an yi fom ɗin tun ranar huɗu ga wata da aka ga kashi 14. Maganar rana ma haka, Asia/Riyadh daidai ne a lissafin agogo amma kicin ba da agogo yake ƙirga yini ba, da zagayen tukunya yake ƙirgawa, kuma wannan bayanin babu shi a cikin odar sam sai da aka ƙara masa gida, babu dabarar kasaftawa da za ta ciro abin da ba a rubuta ba.

Akwai abin da fom ɗin ya ɓata kuma, shigar da oda ya ƙara nauyi, 'yar Damagaram ta yi ta mita cewa da tana rubutawa cikin daƙiƙa kaɗan yanzu sai ta ja jerin masauki kusan 40 tana nema, kuma kuskure biyun goman ƙarshe daga nan suka fito. Bayan salla yaron ya sa ɗan akwatin nema a saman jerin, kana rubuta baƙi biyu ko lamba ya tace maka. Lissafin masu bashi dai har yanzu a littafi yake, Gwaggo ta ce wannan kar wanda ya taɓa mata.